Gero Ya Kwanta: Yadda Ake Tsai da Doguwar Shuka Lokacin Bununi

Wanda ya taɓa bin hanyar Tsibiri da sanyin safiya a watan Agusta, bayan an kwana ana hadari, ya san abin da nake shirin faɗa. Gonaki biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Ta dama geronta na tsaye, ya fid da kai, bununi ya lulluɓe zangarniya, ƙudan zuma na ta shawagi. Ta hagu kuwa sai ka ce garken shanu ya kwana a ciki. Kara ya kwanta ya fuskanci yamma, wani kan wani, kawuna cikin yashi. Mai gonar na bakin iyaka ya riƙe ƙugu, duk wanda ya yi masa jaje sai ya ce, "Iska ce." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai iskar da ta bi ta gonarsa ita ce ta bi ta gonar maƙwabcinsa, a dare ɗaya, da ƙarfi ɗaya.

Abin da na gane bayan shekaru ina kallon haka shi ne, tun ranar da aka jefa iri a gurbi ake fara kada doguwar shuka. A ƙara tura ta ranar da aka ƙi rage ta, a sake turawa ranar da aka watsa mata taki ba awo. Iska ƙarasawa take yi. Bari mu bi maganar daki-daki, daga gero da dawa na jigawa zuwa masara da tumatir na Jiratawa, har furen da ake dasawa a tsakar gida don ƙawa, domin ciwon nasu ɗaya ne.

Me ya sa sai lokacin fure? A makonnin farko gero ganye ne da ƴaƴa, yana shimfiɗe kusa da ƙasa, iska ba ta da abin kamawa. Daga nan sai ya ɗaga. Gaɓoɓi su miƙe cikin gaggawa, abin da ke gwiwarka yau, kafin wata ya zagayo ya wuce kanka. Karan da ya miƙe da irin wannan sauri ɗanye ne, cike da ruwa, ɓawonsa bai yi ƙwari ba tukuna. A kan wannan ɗanyen karan aka ɗora zangarniya. In zango ne, kan nasa kaɗai yana iya kusan mita, a saman karan da ya haura mita biyu, wani lokaci har uku. Ka sami doguwar gora ka riƙe ta a gindi da hannu ɗaya, ka ɗaura mangwaro guda a samanta, sannan ka ɗan karkata ta. Za ka ji yadda mangwaron da ba shi da wani nauyi yake neman karya maka wuyan hannu. To haka saiwa ke ji. Ruwan sama ya jiƙa zangarniyar ya ƙara mata nauyi, ganye ya zama kamar zanen da aka shanya yana tare iska. Kuma duk wannan yana faɗawa cikin Agusta, watan da ƙasa ta ƙoshi da ruwa ta saki jiki, hadari kuma yana tasowa daga gabas da guguwa a gabansa.

Aiki na farko ga wanda shukarsa ta faɗi shi ne ya durƙusa ya duba gindi kafin ya fara zargin kowa. Faɗuwa iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai wadda kara yake lafiya lau, miƙe sambal, amma ya karkata tun daga ƙasa, saiwar gefen gabas ta ɗago ta fito fili da ɗan dunƙulen ƙasa a jikinta. Wannan matsalar saiwa ce da ƙasa. Akwai kuma wadda saiwa tana nan daram, kara ne ya karye ko ya lanƙwashe a gaɓa ta biyu ko ta uku. A nan sai ka tsaga karan da wuƙa. In ka ga rami ya bi tsakiyarsa da ɗan kashi kamar dusa, tsutsar kara ce ta riga iska. In cikin ya zama zare-zare, ya bushe da baƙin gari kamar na gawayi, ruɓar kara ce, wadda ta fi kama dawa idan fari ya same ta bayan ta fid da kai. In kuma fari ne tas amma siriri, gaɓoɓinsa dogaye, ɓawon na lotsewa tsakanin yatsu, to cunkoso ne ko yawan taki. Minti biyar na wannan dubawa ya fi doguwar muhawara a dandali.

Mu koma ranar shuka. Ruwan farko ya sauka, kowa na sauri, babba na gaba da sungumi yana sara, yara na baya suna jefa iri suna takewa da diddige. A wannan gaggawar ake yin kuskure biyu. Sara marar zurfi yana barin gindin shuka a saman ƙasa, inda ba abin da zai riƙe shi. Masara da dawa suna son zurfin santimita uku zuwa biyar, gero ya ɗan gaza haka saboda ƙanƙantar ƙwayarsa, amma ba a bar shi a fatar ƙasa ba. Na biyu shi ne tazara. Abin da malaman gona suka saba ba da shawara ga gero a jigawa shi ne mita ɗaya tsakanin gurbi da gurbi ta kowace fuska, wato gurbi 10,000 a hekta, ko a matso zuwa santimita 80 inda ƙasa ke da ƙarfi. Gonaki sun tsuke a kewayen Maraɗi, gado ya rarraba su, kowa na so ya cusa abin hekta biyu cikin hekta ɗaya. Ana fahimtar wannan. Amma shuka ba ta san zancen gado ba.

Ga abin da cunkoso ke yi. Shuka tana gane inuwar ƴar'uwarta. Da ta ji an tare mata rana ta gefe, sai ta bar ƙara kauri ta koma neman tsawo don ta wuce maƙwabciya, maƙwabciyar ita ma haka. Ƙarshenta duk su fito dogaye sirara kamar yaran da suka yi tsawon gaggawa, gindinsu bai taɓa ganin rana ba balle ya yi ƙwari. Shi ya sa ragewa ta fi kowane aiki muhimmanci a wannan magana, kuma ita ce aka fi yi wa ƙiwa. Gurbin gero yakan tsiro da goma, ashirin, har fiye, tunda da yatsu ake ɗibar iri. Bayan mako biyu zuwa uku, ranar da ƙasa ke da laima, a bar uku mafi ƙarfi a cire saura, a danne ƙasar da ta motsa da tafin hannu. Uku ɗin nan za su yi ƴaƴa su cika gurbin. Dawa da masara biyu ya isa. Na san zuciya ba ta so. Mutum na ganin tsiro kore shar a shekarar da iri ya yi tsada, a ce ya tuge ya yar, sai ya ga kamar abinci yake zubarwa. Wanda ya jinkirta har gero ya kai wata kuwa, saiwoyi sun riga sun sarƙe, in ya ja ɗaya sai ya girgiza sauran, ya yi ɓarnar da yake gudu.

Sai taki, inda ni kaina na sha kunya. Wata shekara na shuka masara a ɗan filin bayan gida, na samu ure da araha, na ga tiya guda ba ta da yawa, na juye mata duka lokaci ɗaya. Cikin kwana goma masarar nan ta yi kore har tana baƙi-baƙi, ganye faffaɗa, masu wucewa na leƙowa ta katanga suna sa albarka. Tana fid da bununi aka yi hadari ɗaya na la'asar, ba ma wani babba ba, ta zube gaba ɗaya. Kawuna ya zo ya tsinki kara guda, ya matsa shi da yatsa biyu ruwa ya fito, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi ka ba ta?" Na ce ure ne, Kawu. Ya ce, "Ka ƙosar da ganye ka bar ƙafa da yunwa."

Bayanin maganar tasa shi ne, ure ba shi da komai sai sinadarin azot, wanda a Najeriya ake kira naitirojin, kuma aikinsa ganye da tsawo. Abin da ke gina saiwa fosfat ne, abin da ke ƙarfafa kara kuma fotash. Ƙasar jigawarmu an daɗe da sanin tana da ƙarancin fosfat, don haka wanda ya ba ta ure zalla ya ɗora kaya a kan jakin da bai ci ba. Tsarin da ya dace shi ne a fara da takin gida da ya ruɓe sosai tun kafin ruwa, domin shi ke sa yashi ya riƙe kansa ya riƙe saiwa. Lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro a sa ɗan takin zamani kaɗan a gurbi, irin dabarar da masu bincike na ICRISAT da ke Sadore da na INRAN suka yaɗa: giram shida na kamfa, wato NPK 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram biyu na DAP, tsunkulin yatsu uku. Ure kuwa a raba shi biyu, rabi bayan ragewa, rabi lokacin da shuka ta fara ɗagawa, a binne shi a gefe cikin ƙasa mai laima. Da zarar ta yi ciki an rufe buhu. Tokar murhu tana da fotash, kuma mata da ke watsa ta a gindin kuɓewa da masarar bayan ɗaki sun san abin da suke yi, ko ba su san sunan sinadarin ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ido ke gani, wato tara ƙasa a gindi. Ka duba gindin masara ko dawa da ta kai ƙugu, za ka ga wasu saiwoyi masu kauri suna fitowa daga gaɓoɓin ƙasa, suna saukowa kamar yatsun kaza. Su ne igiyoyin da shuka ke ɗaure kanta da su. In sun sami ƙasa suka nutse, sun zama tokara ta kowace fuska. In sun fito suka tarar da iska da rana, sai su bushe a rataye. Aikin manomi shi ne ya kai musu ƙasa. A nan kayan aiki na da magana. Hauyar tsaye, mai doguwar ƙota, da ake turawa a jigawa, tana da sauri kuma ba ta karya baya, amma yanke ciyawa take yi a ƙarƙashin fatar ƙasa, ba ta tarawa. Galma ko garmar shanu ita ke ɗebo ƙasa ta jingina wa gindi. Wanda ya yi noman farko da hauya, to a maimai ya kamata ya bi da abin da ke huɗa, ko da gindi-gindi ne, musamman ga dawa da masara. Lokacinsa kuwa shi ne shuka tana tsakanin gwiwa da ƙugu, daidai da sa ure na biyu, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an rufe taki, an tokare kara. A ɗebo ƙasar daga tsakiyar layi. Wanda ya sari ƙasa dab da gindi ya datse saiwar da yake so ya taimaka, kuma wanda ya bari sai an fid da kai sannan ya shiga da shanu, karya zai yi.

Zancen tsutsar kara gajere ne amma ba daɗi. Tana kwana rani cikin busasshen kara, a danga, a jikin rumbu, a tarin karan da aka jingine a bishiya, ta jira damina ta fito malam-buɗe-littafi ta koma gona. Karan da aka shimfiɗa a ƙasa rana ta gasa shi yana kashe da yawa daga cikinsu, haka wanda aka ɗan babbaka kafin a yi danga da shi. Wanda aka tsayar a inuwa kuwa masauki ne.

Akwai masu cewa a huta da duk wannan wahala, a koma gajeren iri. Maganar tana da tushe. Faɗuwar alkama ce ta hana ta cin taki a ƙasashe da yawa, har Norman Borlaug da abokan aikinsa a Meziko suka haɗa ta da wata gajeriyar alkamar Japan mai suna Norin 10. Irin da suka samu ya kai Indiya da Pakistan a shekarun 1960, Borlaug kuma aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Shinkafa ma haka, da irin IR8 da ya fito daga Filifin a 1966. A nan gida, tashar INRAN ta Tarna da ke bakin Maraɗi ta daɗe tana aikin iri, kuma manoma sun san gero irin su HKP da Zatib, sun san dawa irin su Sepon 82 da gajeriyar IRAT 204, ga kuma geron Chakti da aka fitar a 2018, gajere mai saurin nuna. Duk wanda gonarsa ke fili fetal inda iska ba ta da birki, ya dace ya gwada. Amma ni ban yarda gajeren iri ya kashe maganar ba. A Turai kara shara ne ko shimfiɗar dabbobi. A Maraɗi kara danga ne, rumbu ne, rumfa ne, makamashi ne, abincin tumaki ne a watan Afrilu lokacin da daminsa ke tsada a kasuwa. Wanda ya ce wa manomin Tsibiri ya bar dogon kara, ya fara gaya masa da me zai kewaye gidansa. Abin da hankali ke ɗauka shi ne a raba ƙafa, gajere a inda iska ta fi duka, dogo a inda akwai kariya.

Kariyar kuwa itace ce. A kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tazarar mita ɗari tsakanin layi da layi, don karya iska. A yankinmu kuma tun 1983 aka fara abin da ake kira sassabin zamani, wanda sunan Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zauna a Maraɗi, ya shahara da shi: a bar kututturen sabara da kalgo da gawo su tofo, a rage musu rassa su zama bishiya. An fi yabon wannan aiki don taki da itacen girki, amma yana rage wa iska gudu a cikin gona. Layin itace yana kare fili a bayansa har kusan ninki goma na tsawonsa. A sa shi ta gabas, inda hadari ke fitowa, kuma ya zama mai ɗan ratsuwa. Katanga toshe tana sa iska ta haura ta faɗo da jujjuyawa a bayanta, shi ya sa wani lokaci masarar da ke ƴan taku daga bango ta fi ta tsakiyar fili shan wuya.

Yanzu mu gangara Jiratawa, kudu da birni cikin kwarin Gulbin Maraɗi, inda tun farkon shekarun 1980 ake noman rani a fili mai hekta sama da 500 ƙarƙashin kulawar hukumar noman rani ta ONAHA, da ruwan da ake jawowa daga rijiyoyin burtsatse ana sakinsa a kanal. A can ba a jiran hadari kafin shuka ta faɗi, ban ruwa kaɗai na iya kada ta. Ruwa layi-layi ne, kuma wanda layinsa ya zo yakan so ya cika fangali har baki, tunda bai san ranar da zai sake samu ba. Ƙasar fadama in ta sha ta ƙoshi taɓo take zama. Alkamar da ta fid da kai, ko masara mai goyo, ko yajin yawo da ya buɗe fararen furanninsa a kan siririn kara, in aka cika musu gindi da rana tsaka iskar hunturu na kaɗawa, kafin magariba sun jingina. Daga lokacin fure, a rage yawan ruwan da ake saki a tashi ɗaya, a nemi safiya ko yamma lis da iska ta kwanta, kuma in ranar ta zo da ƙura da hucin iska, gara a shayar sama-sama. Tun shukar tana ƙarama ma, ruwa mai nutsewa da ɗan hutu a tsakani yana sa saiwa ta bi shi ƙasa. Yayyafin kullum yana tara ta a sama.

A lambu ne ake iya abin da ba a iyawa a hekta uku na gero, wato a ba kowace shuka sandarta. Tumatir shi ne babban misali, musamman na damina da masu yaɗo da tsawo, domin ɗan da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Ga yadda ake yi. A nemi sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, kaurin babban yatsa ko fiye. Reshen dogon yaro da aka sassabe ya bushe yana da kyau, gara ba ta cika gaggawar cin sa ba. Karan dawa yana yi a rani in ba wani, amma ba ya kai ƙarshen damina. Ɗanyen reshen zogale kuwa, duk da yana ko'ina a Jiratawa, ba shi da ƙarfi, kuma in ya ji laima sai ya tofo ya shiga rabon ruwa da taki da tumatirin. A fiƙe gindin sandar, a ɗan babbake shi, a kafa ta zurfin kamar santimita 30, tazarar faɗin tafin hannu daga shukar, ta ɓangaren da iska ke fitowa, yadda in ta busa shukar za ta ja igiya ne maimakon ta gogu da sanda.

Lokacin kafawa shi ne ranar dashe ko cikin mako biyu bayansa. Yawancin mutane sai sun ga fure ya fito shuka ta fara rinjaya suke rugawa neman sanda, alhali a lokacin saiwa ta riga ta bazu, duk inda ka soka sai ka huda ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sanda kuma tun shuka ba ta buƙatarta ake kafa ta.

Ɗauri shi ma da iyawa. A yi amfani da abu mai taushi da faɗi, tsumman atamfa da aka yayyaga, ko kaba da aka jiƙa, ko igiyar rama. Zaren buhu na roba da waya suna yanka kara yayin da yake kauri. A fara ɗaure igiyar tamau a jikin sanda, sannan a gicciya ta a zagayo shukar sako-sako, ta yi siffar lamba 8, sanda a ido ɗaya kara a ɗayan, da sararin da yatsa zai shiga. A ɗaura ƙarƙashin reshen ganye, kada a ɗaura dab da ƙasan tarin fure, don in ƴaƴa suka yi nauyi igiyar za ta shaƙe su. Duk tsawon taƙi guda da shukar ta ƙara, a ƙara ɗauri. Mai layuka da yawa da ba zai iya sanda ɗaya-ɗaya ba, ya kafa turaku masu ƙarfi a bakin layi da kuma bayan kowace shuka uku ko huɗu, ya ja igiya ta dama ya dawo da ita ta hagu, shukar ta zauna a tsakani, ya riƙa ƙara hawa yayin da take tashi. Ayaba kuwa gwafa take so, a tokare ta ƙarƙashin wuyan nono ta gefen da ta rinjaya, tun nonon bai cika ba.

Masu furen ƙawa a gidaje da harabar makarantu da ofisoshi su ma wannan darasin ne nasu. A Turai da Amurka akwai wani fure da ake ji da shi mai suna iris, mai ganye kamar takobi, wanda karan furensa ke kai mita guda da manyan furanni a sama, ga shi ruwa ɗaya na watan Mayu yana kifar da shi. Ba ya jin daɗin zafinmu, amma abin da masu lambun can ke yi masa kamar a Jiratawa aka koya musu: a dasa shi inda zai sha rana aƙalla awa shida, a yi masa rowar takin azot, a tono tushensa mai kama da citta duk shekara uku ko huɗu a rarraba don kada ya cunkushe, a kafa siririyar sanda tun fure na cikin kumburi. Furenmu na tsakar gida yawanci inuwa ce ke kada shi. An dasa shi a gindin bango ko ƙarƙashin dogon yaro, yana miƙa wuya wajen haske har ya rinjayi kansa, ga ruwan wanke-wanke kullum a gindinsa. A matsar da shi fili. Masu yin rassa kuma a tsinke musu kan tsiro tun suna taƙi guda, sai su yi gajeru masu yawan fure.

Saura abin da za a yi in an riga an faɗi. In shukar ba ta fid da kai ba kuma karan bai karye ba, a ƙyale ta. Gero da dawa da masara suna da dabararsu: gaɓar da ke kusa da ƙasa tana ƙara girma ta gefen da ya kwanta, cikin kwana uku ko huɗu sai ka ga ta yi gwiwa, saman ya ɗago yana kallon sama. Wanda ya bi su yana miƙarwa da ƙarfi yana tsinke saiwar da ta rage ta ɗaya gefen, sai ya mai da targaɗe karaya. In kuwa ana cikin bununi ne, kai ya yi nauyi, tashin da kanta ba ya cika yiwuwa. A ƙaramin fili ana iya ceto, amma a safiyar nan, ƙasa na da taushi. Mutum biyu ake so. Ɗaya ya tallabo karan gurbin gaba ɗaya a hankali, ba sai ya miƙe tsaf ba, ɗayan ya tura ƙasa ƙarƙashin gefen da ya kwanta ya take da ƙafa. Sannan a haɗa gurbi uku ko huɗu na kusa, a ɗaure su da ganyensu ƙasa da zangarniya, su jingina da juna kamar sandunan bukka. In gona ce babba, a fara da inda kawuna suka nutse cikin ruwa ko taɓo, sauran ko kara aka gitta musu suka ɗaga daga ƙasa an rage wa gara da ɓera rabo.

Wanda ya karye ya karye. In geron ya fara ido a yanko shi a yi tumu, yara su more. In bai kai ba, na dabbobi ne, sai dai dawa a bari ta bushe tukuna, domin ɗanyar dawa ƙarama da tofon da ke fitowa bayan an sare ta suna iya kashe tunkiya. Tumatirin da ya zube kuma kada a ɗaga shi da safe lokacin da ya sha ruwa ya yi tauri, ƙaras yake karyewa. A jira la'asar, rana ta sa ya yi laushi, a tallabo shi da hannu biyu a kai shi jikin sanda, a tsinke ganyen da ya kwana a taɓo, ƴaƴan da suka fashe kuma a fitar da su daga fangalin gaba ɗaya.